Tantalam Yana Toshe Rami, Amma Ba Ya Mayar da Ƙashi

A 1962 likitan Ingila John Charnley ya daidaita tiyatar sauya gaɓar kwatangwalo a asibitin Wrightington: dunƙulen ƙarfe a kan ƙashin cinya, kwarmin roba a ƙugu, a liƙe su da siminti na musamman. Miliyoyin mutane sun miƙe da ƙafafunsu albarkacin wannan aiki. Sai dai roba tana cinyewa. Burbushin da take zubarwa yakan tunzura garkuwar jiki ta riƙa zaizaye ƙashin da ke kewaye, har likita ya buɗe bayan shekaru ya tarar da rami a inda sabon kwarmi zai zauna.

Yanzu abin da ake yayi shi ne a toshe ramin da ƙarfen tantalam, wanda kamfanin Zimmer ya yi suna da shi. Kusan kashi 80 cikin 100 na jikin ƙarfen ƙofofi ne kamar soso, ƙashin mara lafiya ya tsiro ya kutsa ciki ya riƙe shi gam. Likita yakan zaɓi yankin da ya dace da ramin, ya ɗaure shi da kusoshi, ya haɗa shi da kwarmin da siminti. Ga dattijo mai shekara 75, wannan babbar rahama ce.

Matsalar ita ce saurin da ake yi wajen jingine wata tsohuwar dabara. Tun 1984 Tom Slooff na Nijmegen a ƙasar Holan ya nuna cewa za a iya danƙara niƙaƙƙen ƙashin da aka adana cikin ramin, jiki ya mayar da shi nasa sannu a hankali. Aikin yana da wuya, jinyar tana da tsawo, kuma yakan gaza idan ramin ya yi girma ainun. Amma idan ya kama, ƙashi ne ya dawo.

Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Cutar sikila tana kashe kan ƙashin cinya tun ana matashi, shi ya sa ake ganin 'yan shekara 25 a asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano suna neman sabuwar gaɓa. Irin wannan matashi da wuya ya tsira daga tiyata ta biyu, wataƙila da ta uku. Ranar da ƙwayar cuta ta tilasta cire tantalam ɗin da ya riga ya kama, sai an sassaƙo shi tare da lafiyayyen ƙashi, ramin ya ƙara faɗi. Kamata ya yi likitan da ke duba matashin ya fara auna ko dashen ƙashi zai yiwu, kafin ya aika a sayo ƙarfe mai tsada daga waje.