Hamada a Cikin Kwalba: Tarken Turaren L'Air du Désert Marocain

Bahaushe ya wadata hancinsa da kalmomi wajen abin ƙi, ya yi masa rowa wajen abin so. Naman da ya kwana bashi yake yi, kifi da jini ƙarni, tuwon da ya kama gindin tukunya ƙauri, fitsari zarni, bunsuru hamami, mushe ɗoyi, abin da ya rage kuma a tattara a ce wari. Amma furen lemo da miski da soyayyiyar albasa da ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, dukkansu kalma ɗaya tak suka samu, ƙamshi. Duk mai niyyar tarken turare da Hausa da wannan ƙaranci zai fara cin karo. Faransawa ma, da suka mayar da turare sana'ar ƙasa, aron kalmomi suke yi daga kiɗa da ɗanɗano. Ni zan yi nawa aron daga kayan aikin manazarta adabi, wato jigo da zubi da tsari da salo, domin turaren da ke gabana ya zo da take irin na littafi, ya kuma ɗauki alkawari irin wanda take ke ɗauka.

Sunansa L'Air du Désert Marocain, ma'ana Iskar Hamadar Maroko. Andy Tauer ne ya haɗa shi, mutumin Suwizalan mazaunin birnin Zurich, ya fitar da shi a 2005. Tauer masanin kimiyyar sinadarai ne wanda ya koya wa kansa haɗa turare, bai gaji sana'ar ba, bai kuma fito daga manyan kamfanonin da ke haɗa wa gidajen ado turarukansu ba. Wannan shi ne na biyu a jerinsa, lambar 02 ce a jikinsa, yana bin bayan Le Maroc pour Elle. Yana cikin rukunin turarukan ƙananan gidaje masu zaman kansu, waɗanda ba sa dogaro da hoton tauraruwar fim wajen talla, kuma mai haɗawar shi ke da ta cewa a kan abin da zai shiga kwalba. A 2008 Luca Turin da Tania Sanchez suka ba shi taurari biyar a littafinsu Perfumes: The Guide, daga nan sunansa ya zagaya duniyar masu son turare. Ba ni da ja a kan cewa hannun gwani ne ya yi wannan aiki. Abin da nake tuhuma shi ne taken: hamadar wa aka zuba a kwalbar, kuma daga ina aka tsaya aka shaƙe ta?

Turaren fesawa yana da zubi da tsari domin sinadaransa ba sa tashi lokaci guda. Masu sauƙin nauyi su ke fara barin fata, masu nauyi su daɗe, saboda haka abin da hanci ya ji a mintin farko daban yake da abin da zai ji bayan sa'a shida. Labari ne mai mabuɗi da tsakiya da marufi, sai dai ba a iya komawa shafin baya.

Mabuɗin wannan turare kaifi gare shi. Ƙwayar da Larabawa ke kira kuzbara ce ke fara magana, da ɗan ɗacin man da ake tatsa daga ganye da rassan lemo mai ɗaci. Ba yajin da ke sa atishawa ba ne irin na masoro ko barkono, ba kuma ɗumin kanumfari da ke kwanciya a harshe ba. Ya fi kama da abin da ke bugun mutum idan ya sunkuya a kan buhun kayan yaji da ya wuni a rana, an buɗe bakinsa da la'asar. A ƙarƙashin wannan kaifi akwai kammun, kuma a nan nake so in daɗe, domin a ganina shi ne tauraron labarin, ko da yake marubucin ya sallame shi da wuri. Kammun yana da wani ɓangare mai kama da gumin ɗan Adam, masu haɗa turare sun san haka, shi ya sa suke auna shi da tsoro. In ya yi yawa sai turare ya koma warin hammata. In ya zo daidai, sai a ji kamar akwai mai rai a cikin hoton, wani da ya yi tafiya, rigarsa ta sha rana. Tauer ya sa shi daidai. Cikin rabin sa'ar farko, a fatata, hamadar tana da mutum a cikinta. Bayan nan sai ya ɓace, a bar fili da kaya ba mai kaya.

Tsakiyar turaren ƙaro ne, wanda ake kira ladan, danƙon wani ɗan kurmi da ke fitowa a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, har da arewacin Maroko. A zafin bazara ganyensa ke tsatso wannan danƙo. Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Herodotus ya ba da labarin cewa daga gemun bunsuru ake tsefe shi, domin yana manne wa awaki idan suna kiwo a cikin kurmin, ya kuma yi mamakin yadda abu mai daɗin ƙamshi haka ke fitowa daga wuri mai hamami. A yau akasari a Sifen ake sarrafa shi, ta hanyar dafa rassan. Ƙamshinsa ya haɗa zaƙi da ɗaci da wani abu mai kama da jemammiyar fata, yana kuma da hayaƙi-hayaƙi ba tare da an kunna wuta ba. Wanda ya tashi a gidan da ake turara ɗaki da jawul ko ƙaron hano zai gane dangin nan take, sai dai zai rasa garwashin. An ce akwai yasmin a wannan mataki. Akwai shi, amma kamar gishiri a miya, aikinsa ya tausasa gefen ƙaron, ba a jin sa shi kaɗai.

Inda aikin ya kai maƙura shi ne bushewa. Turare ruwa ne, kuma yawancin turarukan da aka gina a kan ƙaro da ambar nauyi gare su, suna kwanciya a fata kamar man shanu. Tauer ya ɗauki kayan da aka saba yin mai da su ya yi ƙura da su. Itacen sida ne ya ɗauki mafi yawan wannan nauyi, da ƙamshinsa mai kama da na fensir sabon fiƙewa, sai kuma saiwar ciyawar da Turawa ke kira vetiver. Wannan ciyawa ba baƙuwarmu ba ce, 'yar'uwar jema ce da ke fitowa a fadamunmu, ko da yake wadda ake tatsa don turare akasari daga Haiti da Indiya da tsibirin Java take zuwa. Saiwar tana da ɗaci irin na ƙasa, ita ke hana zaƙin ƙaron yin kitse. Sakamakon shi ne turare mai ɗumi wanda ba ya danƙo, mai ƙarfi amma da sarari a tsakanin gaɓoɓinsa, kamar zanen da aka bar wa farin fili da gangan. Ban san wani turare a wannan dangi da ya yi wannan dabara da tsabta haka ba, kuma a kanta kaɗai ya cancanci taurarinsa.

To amma bushewar da aka ƙera daban, bushewar gaske daban. Wanda ya san hunturu ya san cewa iskar da ta ratso Sahara ba ta kawo ƙamshi, ƙwace shi take yi. Hanci ya bushe, leɓe ya tsage, yara su yi ta haɓo, abinci ma ya rage armashi. Ƙamshi yana bukatar laima kafin ya tashi ya kuma kama hanci, shi ya sa busasshiyar ƙasa ba ta cewa komai sai ranar da yayyafin farko ya taɓa ta. Tsakiyar hamada kusan bebiya ce a wajen hanci. Abin da ke da wari ko ƙamshi a cikinta shi ne abin da aka shigo da shi: raƙumi, da salka, da gumi, da hayaƙin kashin raƙumi da aka hura wuta da shi. Ibn Battuta ya bar Sijilmasa, a kudancin Maroko, a farkon 1352, ya yi kwana 25 kafin ya isa Taghaza, garin gishiri. Abin da ya adana mana game da wurin shi ne gidaje da masallaci na tubalin gishiri da rufin fatun raƙuma, ba bishiya ko ɗaya, ruwa mai zartsi, ƙudaje ba iyaka. Wannan ita ce hamadar mai ratsawa, kuma irinta ce ayarin da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri ya sani har gobe. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a kwalbar Tauer, in ban da ɗan kammun ɗin nan da ya yi sallama da wuri.

Adalci ya wajaba a nan. Tauer bai ɓoye inda ya tsaya ba. Hoton da ya bayar na turarensa na mutum ne kwance a ɗaki a bakin hamada da dare, zafin rana ya gajiyar da shi, wata na fitowa, iska na shigo masa da ƙamshin gari. Ke nan mai ba da labarin baƙo ne, kuma ta taga yake kallo. Idan aka karanta turaren a haka, komai ya zauna daram: kayan yajin kasuwa, ƙaron da aka turara a wani gida, katakon ƙofa da ya sha rana. Jigonsa na gaskiya shi ne garin da ke gaɓar hamada, a sa'ar da baƙo ya huta. Wannan jigo ne mai kyau, an kuma isar da shi. Taken ne ya yi faɗin da aikin bai cika ba, kuma faɗin nan ba na banza ba ne, domin kalmar hamada tana sayar da kaya a Turai fiye da kalmar masauki. Tsohuwar al'ada ce a adabin matafiyansu a share mutane daga Sahara a bar yashi da wata, don mai karatu ya samu wurin da zai zuba kaɗaicinsa. Mu da ke zaune a ɗaya gaɓar wannan yashi, waɗanda fatun awakinmu suka ratsa shi har aka sayar da su a Turai da sunan fatar Maroko, muna da dalilin lura idan aka sake share mu, ko da a cikin turare ne.

Marufin ya ƙara tabbatar mini da wannan karatu. Bayan sa'o'i shida zuwa takwas, abin da ke saura shi ne ambar da banila a kan ragowar itacen. Ambar na asali daga cikin wani babban kifin teku yake fitowa, ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa kafin igiya ta jefo shi gaɓa, kuma mafi yawan masu haɗa turare a yau da madadinsa na ɗakin gwaji suke aiki. Ko wanne ne a nan, abin dariya ne kaɗan a ce daɓen hamadar daga teku aka ɗebo shi. Wannan ban riƙe shi laifi ba, domin gishiri-gishirin ambar ya dace da bushewar. Banilar ce nake ƙorafi a kanta. Tana zuwa a hankali ta cike sararin nan da na yaba, ta mayar da ƙura ta zama garin alkaki. A lokacin sanyi ana iya jure mata, har ta yi daɗi a wuyan riga. A zafin Afrilu kuwa tana kumbura ta danne sauran, fesa biyu sun isa su cika ɗaki. Labarin da ya fara da matafiyi ya ƙare da kayan zaƙi a faranti, kuma na so a ce marubucin ya yi ƙarfin halin barin mai karatu da ƙishirwa.

Saura batun cewa na maza da mata ne, wanda ake yawan ambata kamar wata bajinta. Raba turare gida biyu ba tsohon abu ba ne ko a Turai. Ruwan Kolon da Farina ya fara sayarwa a 1709 kowa shafawa yake yi, Jicky na gidan Guerlain da ya fito a 1889 maza da mata sun yi rububinsa, kuma sai a 1934 Caron ya fitar da Pour un Homme, ɗaya daga cikin na farko da aka yi wa maza su kaɗai. Kasuwa ce ta gina katangar, ta ba mata fure ta ba maza itace, sannan a 1994 ta sayar da rushe katangar da sunan CK One. A wajenmu rabon ya bi wata hanya dabam. Humra ta mata ce, ba mai gardama, amma sandal da miski da ambar da itacen oud suna shiga ɗakin amarya, suna kuma bin babbar riga zuwa masallacin Juma'a. Hancin da ya saba da haka ba zai ga abin mamaki ba don itace da yaji sun hau jikin mace. Abin da na lura da shi ya fi wannan ƙanƙanta: turaren ba ya neman jan hankalin kowa zuwa ga jikin mai shi. Ba ya kwarkwasa, ba ya kuma nuna ƙarfi. Wuri yake siffantawa, kuma wuri ba shi da jinsi. Nan ma rashin mutum a cikin hoton ne ya yi aiki, a wannan karon ya yi wa turaren rana.

A 2016 Tauer ya fitar da Au Coeur du Désert, wato A Tsakiyar Hamada, wanda ya fi na farko kauri da yawan mai. Taken ya matsa ciki, turaren kuwa ya ƙara matsowa gari: ƙaron ya yi nauyi, itacen ya yi laushi, kaifin mabuɗin ya dushe, sararin da ke tsakanin gaɓoɓi ya ragu. Masu son turare ya kwana a jiki za su fi son sa. Ni na farkon nake komawa gare shi, kuma a kan yadi nake fesa shi maimakon fata, domin auduga tana riƙe kuzbara da kammun fiye da yadda jiki mai ɗumi ke riƙe su, tana kuma jinkirta isowar banilar har zuwa bayan magariba.