Kalmar Drysalter: Ma'anarta da Asalinta

A cikin tsofaffin takardun ciniki na Ingila akwai wata kalma, drysalter, wadda yau ba kasafai ake jin ta ba. Fassara biyu ke saurin zo wa mai aikin ƙamus: "mai busasshen gishiri" da "marini". Kowace daga cikinsu tana da aibi.

Kalmar haɗi ce ta dry, watau busasshe, da salter, watau mai sana'ar gishiri. Masu wannan sana'a sun daɗe a Landan: sun sami izinin ƙungiyarsu a 1394, Sarauniya Elizabet ta Ɗaya kuma ta ba su takardar tabbaci a 1559. Hajarsu ta farko ita ce gishiri, da kifi ko naman da aka adana da shi. Adanawar iri biyu ce: ko a tsoma cikin ruwan gishiri, ko a barbaɗa shi busasshe. Ga ta biyun ake danganta sunan, wanda ya bayyana a rubuce a farkon ƙarni na 18.

Aibin fassara ta farko shi ne ta tsaya ga wannan asali, alhali hajar ta ci gaba da yaɗo. Ɗan kasuwan da ya saba da gishiri ya ƙara da danginsa, su alif da gishirin toka, waɗanda marina ke bukata. Daga nan ya shiga sayar da ƙaro, da shuni daga Indiya, da jan launi da ake samu daga wasu ƙwari na Meziko, da itacen rini daga Amurka ta Tsakiya. Ma'anar abinci ba ta ɓace nan take ba: a 1842 mawaƙi Robert Browning ya kawo sunan irin wannan kanti a matsayin wurin da ɓeraye ke kwaɗayi.

Aibin ta biyun kuwa shi ne ta haɗa sana'o'i biyu da Hausa ta raba. Marini yana bakin karofi, hannunsa baƙi da baba. Mai shuni yana kasuwa, marini ke saye wurinsa. Drysalter mai shuni ne da faɗaɗɗiyar haja, ba ya rini. Sana'arsa ta ja baya bayan William Perkin ya haɗa launi a ɗakin gwaji a 1856, kamfanin BASF na Jamus kuma ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897. Kalmar ta bi sana'ar.

Saboda haka abin da ya dace da ƙamus shi ne: "ɗan kasuwa mai sayar da kayan rini da danginsu", tare da alamar cewa tsohuwar kalma ce. Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci sun san kuɗin goro ba lalle goro ake saye da su ba. Haɗaɗɗiyar kalmar wani harshe ma haka take: sassanta suna nuna inda ta fito, amma aikin da masu ita suka sa ta shi ke ba da ma'anarta.