Kagarar da Shaihu Umar Bai Koma Ba

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da yin ittifaƙi a kan cewa babban jigon littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne bauta da cinikin bayi, wasu kuma su ƙara da haƙuri da miƙa wuya ga ƙaddara. Ba ni da ja da wannan. Sai dai akwai wata tambaya da tarken littafin ya saba tsallakewa, ita ce kuma ta fi tsaya mini a rai: me ya hana Umar komawa Kagara? Ga mutum ya ƙetare Sahara ya dawo ƙasar Hausa da ransa da iliminsa, ba sarƙa a ƙafarsa, ba ubangida a kansa, amma ya yada zango a Rauta ta ƙasar Bauchi, ya shimfiɗa buzu yana karantarwa, garin da aka binne cibiyarsa kuwa sai dai a baki. Ina ganin a nan ne Ɓalewa ya faɗi abu mafi nauyi game da yadda garin haihuwa yake a idon yaro da yadda yake komawa a idon babba, ko da yake bai fito fili ya faɗe shi ba.

Za a fi gane wannan idan aka jera littafin da 'yan'uwansa biyu da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Dukkansu labarin mutum ne da ya bar gida ya daɗe. Wani abin lura, Imam da yayansa Bello 'yan Kagara ne na haihuwa, amma sai suka ɗora labaransu a kan Kwantagora; Ɓalewa mutumin Bauchi shi ne ya ari sunan Kagara ya ba taurarensa. Haka nan duk ukun sun sha ruwan Katsina, biyu a matsayin ɗalibai a kwalejin garin, Bello kuma malami. Wato matasa ne da manya waɗanda boko ya ɗauke daga garuruwansu, sun san ɗacin barin gida da nauyin dawowa cikinsa da wasu idanu.

A Ruwan Bagaja gari jira yake yi. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki domin ya wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, ya sha yawon duniya, suka yi ta gwabzawa da Malam Zurƙe, sa'an nan ya dawo ya tarar da bukatar da ya bari tana nan inda ya bar ta, kamar an kife gari da ƙwarya har ya komo. Wannan mafarkin yaro ne tsantsa, kowa ya taɓa yin irinsa ranar da aka ci masa fuska a unguwa: zan tafi, zan dawo, za su gani. Imam bai yi laifi ba, raha ya nufa kuma ya same ta. Amma Kwantagorarsa dandali ce da aka share domin jarumi ya sha tafi.

Ganɗoki ya fi kusa da gaskiyar babba, domin shi ya dawo ya tarar ƙasa ta sauya hannu. Turawan da ya yaƙa lokacin da suka ci Kwantagora a 1901 su ne masu mulki, takobi ya koma kube, yara suna makaranta. Nan ne wurin da marubuci zai haƙa rijiya mai zurfi, sai dai Bello Kagara ya yi saurin sulhunta jaruminsa da sabon zamani. Mayaƙin da ya bar gida don kada ya zauna ƙarƙashin Nasara bai kamata ya huce da arha haka ba. Ina zargin inuwar waɗanda suka shirya gasar ta faɗo a kan waɗannan shafuka.

Ɓalewa ya bi wata hanya dabam, kuma zubin labarin ne ya ba shi dama. Dattijo ne yake ba almajiransa tarihinsa bayan sun tambaye shi asalinsa. To amma me Umar ya sani game da Kagara? Mahaifinsa ya rasu tun kafin a haife shi. An sace shi yana ɗan ƙarami, lokacin da mahaifiyarsa ta tafi Fatika sallama da iyayenta kafin ta bi mijinta Makau zuwa inda ya sami mafaka a Makarfi. Yaro mai waɗannan shekaru ba gari ya sani ba. Bayan uwa ya sani, da ƙamshin zanenta, da inuwar da ake kwantar da shi. Amma Kagarar da dattijon ya zayyana wa almajiransa gari ne na fada da fadawa, inda sarki ke tura mayaƙa su kai hari su kamo mutane, inda hassada ta sa aka ƙulla wa Makau sharrin ɓoye bayi har aka kore shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yaron ya gani da idonsa ya fahimta. Ji ya yi daga baya, ya harhaɗa da hankalin girma.

Wasu matarka kan ɗauki wannan a matsayin rauni, su ce mai ba da labari yana faɗin abin da ba ya wurin aka yi. Ni kuwa a nan nake ganin gaskiyar littafin. Haka kowa yake sanin garinsu, sau biyu: da fari ta jiki, daga baya ta labari. Ni kaina sai da na girma na ji cewa filin da muke langa a cikinsa gonar marayu ce da wani mai faɗa a ji ya danne, kuma tun daga ranar filin ya ƙi komawa yadda yake a raina. Abin da ya sami Umar ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Sanin girma ya nuna masa cewa garin da aka sace shi daga cikinsa shi ma da satar 'ya'yan wasu yake ci. Makau, mutumin kirkin da ya riƙe shi kamar ɗansa, a wajen kamun bayi ya yi suna. Ɓalewa bai sa Umar ya tsaya ya yi wa'azi a kan wannan ba, ya dai ajiye abubuwan biyu kusa da juna ya wuce, mai karatu ya haɗa da kansa.

Daga Kano Balarabe Abdulkarim ya tafi da yaron Masar, ya raine shi, ya sa shi karatu har ya zama malami. A duk tsawon wannan zama, begen da ya taso masa bai ɗauki siffar ganuwa ko kasuwa ko rafi ba. Uwa ya gani a mafarki. Ita kuma ta bar 'yancinta ta bi sawunsa, aka yaudare ta, aka bautar da ita, ta ratsa hamada ta Murzuk. Da suka sadu a gidan bautarta, ba ta jima ba ta cika. A karatuna, ranar nan ce Kagarar ƙuruciya ta rasu, a ƙasar Larabawa, nesa da Kagarar da ke bisa taswira. Abin da ya rage sai garin fadawan da suka kori Makau. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma akan faɗi karin maganar ne a matsayin gargaɗi ga mai yawo. Littafin ya juya ta: Umar bai bar gida ba, ɗauke shi aka yi, gidan kuma ya taso ya biyo shi da ƙafa har ya mutu a hannunsa.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan Ɓalewa, kuma ba ƙarami ba ne. Ya ba uwa dukkan zafin rabuwa, ya bar ɗan da natsuwar da ta wuce kima. Umar bai taɓa yin fushi da Kagara ba, bai yi kewarta a fili ba, bai ma tsaya ya gaya wa almajiransa dalilin da ya sa bai nufe ta ba. Ana iya cewa kamun kai ne irin na malami, da kunyar da ke hana dattijo buɗe cikinsa a gaban yara, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai marubucin bai wuce shekara 22 ba lokacin da littafin ya fito a 1934, kuma ina jin ƙuruciyar alƙalaminsa a wannan wuri: ya hango ramin, bai shiga ba. Irin wannan sanyin ne ya sa Abdulkarim, wanda fataucin mutane ne sana'arsa, ya fita daga littafin fes ba tabo. Shafi guda da Umar zai tsaya a mararraba, hanyar Kagara a damansa, ya juya mata baya yana sane, da ya ɗaga littafin sama da inda yake.

Mai karatu na yau ba zai iya jin sunan garin da kunnen mai karatun 1934 ba. A watan Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Kagara a Jihar Neja cikin dare, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da ɗalibai 27 tare da wasu ma'aikata da iyalansu, sai bayan kwana goma aka sako su. Ɓalewa ya rubuta satar yaro a matsayin labarin zamanin da ya shuɗe, abin da almajiran Rauta za su saurara suna mamaki. Yanzu a Zamfara da Katsina da Neja akwai ɗimbin mutanen da suka yi wasan dare a dandalin ƙauyukansu suna yara, yau kuma suna zaune a birane ko sansanonin 'yan gudun hijira, suna lissafin ko hanya za ta bari su je jana'izar uwa. Idan ɗalibi daga cikinsu ya buɗe Shaihu Umar a aji, aka ce ya fito da jigo, bautar ƙarni na 19 za a sa ran ya rubuta, shi kuwa idonsa yana kan dattijon nan da aka tambaya daga ina yake, ya ambaci sunan garinsu daidai, ya ci gaba da zama a Rauta.