Jinjina ga Masu Kula da Ɗakunan Karatu

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma ɗalibin da ya taso a Rogo Ruma ko Ƙaraye yana da haƙƙin littafi daidai da ɗan cikin birni. Nauyin tabbatar da wannan haƙƙi yana wuyan Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano, wadda babban ɗakinta ke ɗauke da sunan Murtala Muhammad, da rassanta na wajen birni.

Aikin ma'aikatanta ba ya tashe. Su ne ke kaɗe ƙurar hunturu daga kanta, su yi yaƙi da gara, su liƙa bangon littafin da ya sha hannu. Kowane littafi sai an ba shi lamba an shigar da shi rajista, don mai nema ya same shi ba wahala. Su ke ɗinke tsofaffin jaridu wuri guda saboda manazarcin gobe. Can a ofis kuma akwai masu tsara kasafi, suna bibiyar kuɗin littattafai da albashi da gyaran rufi har gwamnati ta saki.

Tun 1949 UNESCO ta bayyana cewa da kuɗin gwamnati ya kamata a riƙe ɗakin karatun jama'a, kowa ya amfana kyauta. Ba don waɗannan ma'aikata ba, da ɗan manomin da ke shirin jarrabawar JAMB ba shi da inda zai zauna ya karanta littafin da mahaifinsa bai iya saya ba. Sun cancanci isasshen kasafi da godiyarmu.