Filin Idi da na'urar awo: sharhi kan binciken zangunan rediyo a jami'o'inmu

A 'yan shekarun nan na sha zama cikin malaman da ke sauraron ɗalibai suna kare aikinsu na kammala digiri a fannin injiniyan sadarwa. Akwai wani samfurin aiki da nake ta cin karo da shi, har na kusa haddace shi. Ɗalibi zai aro na'urar awon zango, ya hau da ita saman benen da ya fi tsawo a makaranta, ya kafa eriya, ya bar ta tana saurare kwana ɗaya ko biyu. Sai ya sauko da zane-zane masu kyau, ya ce mafi yawan zangunan rediyo a garin nan babu kowa a kansu, asararsu ake yi, don haka a kawo "rediyo mai wayo" ya riƙa cike guraben. A tafa masa, a ba shi maki, bayan 'yan watanni takarda ta fito a mujalla.

Ni ma da hannuna a ciki, don na taɓa duba irin wannan aiki na sa masa hannu. Saboda haka gyaran da zan yi a nan da kaina na fara. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan hukunci na "babu kowa" ya fi ƙarfin awon da aka gina shi a kai, kuma yawan maimaita shi alama ce ta wani giɓi a yadda muke koyar da fannin.

Wane fili ake magana a kai?

Duk wanda ya tashi da sauraron rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango da zangon FM. To, waɗannan 'yan yankuna ne kawai a cikin wani dogon fili. Igiyar rediyo kaɗawa take yi, kuma yawan kaɗawarta a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da haz. Megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ke nan, gigahaz ɗaya kuma biliyan ɗaya. Tashoshin FM suna zaune tsakanin megahaz 87.5 da 108. Wayar salula ta GSM tana wajen megahaz 900 da 1800. Wi-Fi yana gigahaz 2.4 da 5. Jirgin sama, tauraron ɗan'adam, rediyon jami'an tsaro, kowa da yankinsa. In biyu suka yi magana a zango ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, sai su rufe wa juna baki. Shi ya sa ake rabawa.

Filin nan kuwa kuɗi ne na gaske. A gwanjon da hukumar NCC ta yi a Janairun 2001, kuɗin lasisin GSM ɗaya ya tsaya a dala miliyan 285. A Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya ci yanki mai faɗin megahaz 100 a zangon gigahaz 3.5 don fasahar 5G a kan dala miliyan 273.6. Wato kowane megahaz ɗaya ya haura dala miliyan 2.7. Ka ga idan mai bincike ya ce wannan dukiya a yashe take, ai magana ce babba, dole a tambaye shi yadda ya sani.

Abin da na'urar take ji, da abin da ba ta ji

Yawancin waɗannan ayyuka hanya ɗaya suke bi. Na'ura tana bin zanguna ɗaya bayan ɗaya tana auna ƙarfin abin da ya iso eriya. Mai bincike ya ja layi: abin da ya haura layin a ce akwai mai amfani, abin da ya gaza a ce babu. Matsala ta farko ke nan. Ka ɗaga layin kaɗan, gari ya zama kufai. Ka sauke shi kaɗan, hayaniyar cikin na'urar kanta ta zama "mai amfani". Na karanta takardun da ba su ma faɗi inda suka ja layin ba, balle dalilin jansa a wurin. Kaso nawa ne aka samu a irin wannan awo? Duk wanda mai awo ya ga dama.

Na biyu, akwai masu magana da na'urar ba ta jin su. Taurarin GPS suna can nisan kilomita kusan 20,000, suna aiko da sigina a megahaz 1575.42. Kafin ya iso ƙasa ya yi raunin da ya nutse a ƙarƙashin hayaniyar da ke cikin kowace na'urar karɓa, sai da wata dabara ta lissafi wayarka ke tsamo shi. Na'urar awo ta yau da kullum za ta nuna maka wurin fayau, alhali jirage da motoci da ma eriyoyin kamfanonin waya da ke daidaita agogonsu da shi duk a kansa suke. Haka wayar da ke hannun mai shago a cikin kasuwa: ƙarfinta kaɗan ne, bango da rufin kwano sun tare ta, mai awo a saman bene ba zai ji ta ba. Haka kuma saƙon da eriyoyin kamfani ke harba wa juna a miƙe kamar hasken tocila, in ba ka tsaya a tsakiyar hasken ba, ba ka san ana yi ba.

Na uku shi ya fi damuna, domin shi ba laifin na'ura ba ne. Akwai zangunan da aka keɓe don a yi shiru a cikinsu. Daga megahaz 1400 zuwa 1427 dokokin rediyo na duniya sun hana kowa watsa komai. A nan masu nazarin taurari ke sauraron iskar haidurojin a wajen megahaz 1420. A nan ne kuma taurarin ɗan'adam irin su SMOS na Turai, da aka harba a 2009, da SMAP na Amurka, na 2015, ke sauraron ɗan raunin siginar da ƙasa ke fitarwa don auna danshinta. Ga mu mutanen Sahel, da damina ke yanke mana hukuncin shekara, wannan awo ba abin wasa ba ne. Ga kuma megahaz 121.5, zangon neman agaji na jiragen sama, wanda fatan kowa shi ne ya wuni shiru.

Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne filin Idi. Je ka da kyamara ranar wata Talata a watan Safar ka ɗauki hoto tun safe har magariba. Ba za ka ga kowa ba sai awaki. In ka rubuta rahoto cewa filin nan ba a amfani da shi, a yanka shi filaye a sayar, hotonka gaskiya ne, amma ka yi wa gari ɓarna. Burtali ma haka yake, rashin ganin shanu yau ba ya ba ka izinin shuka gero a kai.

Daga ina muka aro wannan salo?

Kada a ɗauka ina cewa awo ba shi da amfani. Asalinsa ma aiki ne mai kyau. A 1999 Joseph Mitola ya gabatar da tunanin rediyo mai wayo, wanda zai lura da abin da ke kewaye da shi ya daidaita kansa. A 2002 wani kwamiti na hukumar sadarwar Amurka, FCC, ya ce ƙarancin zango ya fi alaƙa da yadda ake ba da izinin shiga fiye da ƙarewar filin kansa. Awon da aka yi a wasu wurare a Amurka a 2004 da 2005 ya ƙara wa maganar ƙarfi, har a 2008 hukumar ta yarda a yi amfani da guraben da ke tsakanin tashoshin talabijin ba tare da lasisi ba.

Amma ga ƙarshen labarin, wanda takardunmu ba su cika kawowa ba. A 2010 hukumar ta janye sharaɗin cewa dole na'ura ta saurara da kanta kafin ta yi magana, muddin ta san inda take kuma tana tuntuɓar rumbun bayanai da ke ɗauke da sunayen masu lasisi da wurarensu. Wato ƙasar da ta fara wannan tafiya ta gano cewa kunne kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da rajista. Mu kuma har yau muna hawa bene muna maimaita matakin farko, muna kafa hujja da takardun da suka haura shekara ashirin.

Giɓin yana cikin aji

Me ya sa ɗalibi mai ƙoƙari zai faɗa wannan rami? Domin mun koya masa lissafin Maxwell, mun koya masa ƙera eriya da yadda igiya ke raunana a tafiya, amma da yawansu suna gama digiri ba su taɓa buɗe jadawalin rabon zanguna na ƙasa ba. Tambaye shi wa ke raba zango a Najeriya, zai ce NCC, ya tsaya nan. Bai san dokar sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar kula da zanguna ta ƙasa ba, wadda ke raba manyan yankuna ga hukumomi, NCC ta kula da na kamfanonin sadarwa, NBC ta kula da na gidajen rediyo da talabijin. Bai san ƙungiyar ITU, da aka kafa tun 1865, ta sa Afirka a yanki ɗaya da Turai da Gabas ta Tsakiya ba, ko cewa duk bayan shekara uku zuwa huɗu ƙasashe na zama su sake dokokin, kamar yadda aka yi a Sharm el-Sheikh a 2019 da Dubai a 2023.

Ɓangaren tattalin arziki kuwa ko a jikinmu. Tun 1959 Ronald Coase ya kawo hujjar cewa a bar farashi ya raba zanguna maimakon jami'ai su zaɓi wanda suke so. Sai a 1994 Amurka ta fara gwanjon, kuma Paul Milgrom da Robert Wilson, waɗanda suka taimaka wajen tsara shi, sun sami kyautar Nobel a 2020. Ko ka yarda da gwanjo ko ba ka yarda ba, akwai tambaya a nan da ta shafe mu kai tsaye: idan kamfani ya zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a lasisi, ina zai fara kafa eriya, Legas da Abuja ko ƙauyen da ke bayan Gumel? Injiniyan da bai iya wannan tambaya ba, awonsa ba zai kai teburin masu yanke shawara ba.

Wasu sun riga sun gane haka. A 2021 gidauniyar kimiyya ta Amurka ta ba da dala miliyan 25 aka kafa cibiyar SpectrumX a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Notre Dame, inda aka haɗa injiniyoyi da masu nazarin taurari da masana tattalin arziki da na tsare-tsaren gwamnati, kuma horar da ɗalibai na cikin manyan ayyukanta. Ba mu da kuɗinsu, amma haɗa malamin injiniya da na shari'a da na tattalin arziki a kwas ɗaya ba ya buƙatar dala. Sabuwar manhajar da hukumar NUC ta fitar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ta ga ya dace. Ga ƙofa nan a buɗe.

Tambayoyin da ke jiran mu

Abin takaicin shi ne muna da tambayoyin da babu mai amsa mana su sai mu. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin komawar talabijin tsarin dijital, Najeriya ba ta cika ba, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos. Zangunan megahaz 700 da 800 da wannan sauyi ke 'yantawa su ne masu cin dogon zango da ratsa bango, su suka fi dacewa da karkara. Me jinkirin ya jawo wa ƙauyukan Arewa? Wannan bincike ne. Igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan, to yaya tashoshi da eriyoyin Katsina da Maraɗi, ko na Illela da Birnin Ƙonni, ke shiga wa juna, kuma yaya abin ke sauyawa tsakanin hunturu da damina? Wannan ma bincike ne. Taurarin ɗan'adam sun daɗe suna amfani da gigahaz 3.4 zuwa 4.2 a Afirka saboda ruwan sama ba ya cika dame shi, yanzu ga 5G ya tare a gefensu. Tazara nawa ake buƙata tsakanin eriyar waya da faifan karɓa? Duk waɗannan awo suke so, amma awon da aka fara da tambaya kafin a kunna na'ura.

Ga ɗalibin da ke shirin hawa bene, shawarata ita ce ka fara sauke jadawalin rabon zanguna ka san mai kowane yanki. Ka rubuta inda ka ja layinka da dalili, ka nuna yadda sakamako ke sauyawa in an motsa shi. Ka auna a wurare da yawa, na tsawon makonni, ko da da 'yar na'urar RTL-SDR mai araha ce, wadda ke jin daga kusan megahaz 24 zuwa 1700, muddin ka daidaita ta da babbar na'ura. In ka zo rubuta sakamako, ka ce "ban ji komai sama da kaza ba a wuri kaza", kada ka ce "babu kowa".

Mu kuma masu sa hannu, lokaci ya yi da za mu riƙa yin tambaya ɗaya a zauren kare digiri kafin a tafa: wannan wurin da ka ce babu kowa, na wane ne, kuma me ya sa ya yi shiru?