Tsokaci a kan Hujjar Allurar Sin wajen Maganin Ciwon Baya

Masu yabon maganin tsira allurai irin na ƙasar Sin sukan kafa hujja da gwajin Jamus da aka buga a 2007. An raba masu daɗaɗɗen ciwon baya 1,162 rukuni uku. Bayan wata 6, kashi 47.6 cikin ɗari na waɗanda aka tsira wa allurai bisa ƙa'ida sun sami sauƙi, na maganin asibiti kuwa kashi 27.4. A nan masu yabon kan tsaya.

Amma rukuni na uku, waɗanda aka tsira wa sama-sama a wuraren da ƙa'idar ba ta ambata ba, kashi 44.2 nasu sun sami sauƙi. Ke nan gurbin tsirawa, wanda shi ne ginshiƙin ilmin, bai nuna wani tasiri ba. Mai yiwuwa kulawa da sa rai ne suka yi aikin. A 2016 hukumar NICE ta Ingila ta daina ba da shawarar wannan magani ga ciwon baya.

A ganinmu, wannan ma'auni ya kamata a ɗora wa ƙahon wanzaman Kawo da Unguwar Shanu. Majinyacin da ya ce ya ji sauƙi gaskiya ya faɗa, amma shaidarsa ba ta nuna abin da ya kawo sauƙin ba. Sai an gwada ƙaho na gaske da na jabu kafin a yanke hukunci.