Ɗan gari a Chamonix, baƙo a Tenere: tsokaci kan ƙagaggun labaran Roger Frison-Roche

Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce a auna littattafai biyu na Roger Frison-Roche (1906-1999) da mudu ɗaya. An haifi marubucin a Paris, amma asalin iyayensa yankin Savoie ne. Ya koma Chamonix a 1923, a 1930 kuma ƙungiyar masu jagora a duwatsun Alpes ta karɓe shi cikin ƴaƴanta.

Daga wannan sana'a ya ɗebo jigon Premier de cordée, wanda ya rubuta a Alje a 1941. Tauraron labarin, Pierre Servettaz, ɗan jagora ne. Tsawa ta kashe mahaifinsa a kan dutse, shi kuma ya faɗo, tsoron tsawo ya kama shi. A nan jagora mutum ne cikakke, mai gida da dangi da mutuncin da yake karewa. Baƙin da ke biyan kuɗi su hau dutse su ne ƴan rakiya.

To, sai mu juya ga La Piste oubliée (1950), labarin wani ayari da ya tashi daga Ahaggar ya nufi Tenere. Marubucin ya san raƙumi da rijiya da ƙishirwa, siffantawarsa ba ta da makusa. Sai dai zubin ya kife. Laftana Beaufort da masani Lignac ke riƙe da labarin, mutanen hamada kuwa ko dai masu nuna hanya ne, ko wanda ake farauta. Abin da ya bai wa jagoran Chamonix, ya hana wa madugun hamada.

Mai karatu na Agadas zai tambaya: wa ya manta hanyar? Tenere ɗin nan ayarin azalai ke ratsa shi zuwa Fachi da Bilma ɗaukar gishiri da dabino, tun kafin zuwan Nasara. Kuma sojan da ke yawo cikinsa a shekarun 1920 magajin waɗanda suka murƙushe boren Kawusan ne a 1917.

A ganinmu, darasin a fili yake. Ƙarfin marubucin yanki yana ga zama cikin mutanen da yake ba da labarinsu. Frison-Roche ya ratsa Tenere da motocin Berliet a 1959-1960, amma ratsawa daban, zama daban. Labarin madugu daga bakin madugu, aiki ne da ya hau kan marubutan Abzin.